Daga Aiki Zuwa Sana'a: Teburin Rauta a Hannun Ɗan Fansho a Ƙasar Zuru

Bahaushe yana rarrabe aiki da sana'a, ko da yake a zancen yau da kullum yakan gwama su wuri guda, kuma bambancin ba ya fitowa fili sosai sai ranar da ma'aikaci ya karɓi takardar sallama. Aiki, a ma'anar da kalmar ta ɗauka tun zamanin En'e da gwamnatin Turawa, abu ne da ake ɗaukar mutum dominsa, a ba shi lamba da albashi da matakin girma, sa'an nan a sallame shi idan wa'adi ya cika. Shi ya sa ake cewa an ɗauki wane aiki, ko an kore shi daga aiki, ko ya ajiye aiki, kuma a kowace ɗaya daga cikin jimlolin nan aikin yana da mai shi, wanda ba ma'aikacin ba ne. Sana'a kuwa gadonta ake yi ko a koye ta a gaban gwani, tana zaune a hannun mai ita duk inda ya sa ƙafa, don haka ba a jin an ce maƙeri ya yi ritaya ko majemi ya shiga fansho, iyaka dai a ce ƙarfi ya ja baya, ya sakar wa 'ya'ya. Abin da ke gaban duk wanda ya gama aikin gwamnati da sauran ƙarfinsa shi ne yadda zai ƙetara daga kalmar farko zuwa ta biyu, kuma teburin rauta, wato teburin da kafinta yake ɗaure injin tsaga da ƙawata gefen katako a ƙarƙashinsa, misali ne ƙarami amma cikakke na yadda ƙetarawar take kasancewa.

Da wuya a sami inda wannan magana ta fi zama kamar ƙasar Zuru. Masarautar, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba a kudancin Jihar Kebbi, ta yi suna a Nijeriya da yawan 'ya'yanta da suka sa kaki, tun zamanin da Turawa suke ɗibar soja a cikin Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari, har zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da abin da ya biyo bayansa. Daga wannan ƙasa Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, haka ma Manjo Janar Tanko Ayuba da ya yi gwamnan soja a Kaduna, kuma marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya hau gadon sarauta. Sai dai a bayan kowane janar akwai ɗimbin kofur da saje da samanja da suka komo gida ba kowa ya san sunansu ba, ga kuma malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na ƙananan hukumomi, kuma su ne maganar sana'a bayan aiki ta fi shafa.

Aikin wa'adi ya girmi kaki a wannan ƙasa, domin tun kafin zuwan Turawa akwai golmo, al'adar da saurayi yake yi wa iyayen yarinyar da zai aura noma na tsawon shekara 7 tare da tsararrakinsa, kuma da ita ake auna juriyarsa da cancantarsa ta riƙe gida. Golmo da aikin gwamnati sun yi tarayya a abubuwa uku, wato ƙarfin mutum ana zuba shi a gonar wani, akwai ranar gamawa, akwai kuma sakamako a ƙarshe. Inda suka rabu shi ne ɗan golmo yana fita da mata da kuma gwanintar noman da zai ci da ita har tsufa, alhali wanda ya shekara 35 yana gadi da fareti ko yana cika fayil yakan fita da giratuti da fansho, amma abin da hannunsa ya saba da shi yakan zama ba shi da kasuwa a garinsu.

Kalmomin da ake kiran irin wannan mutum da su duk baya suke kallo. Ana ce masa ɗan fansho, wato ana danganta shi da kuɗin da yake jira. Ana ce masa tsohon soja ko tsohon hedimasta, ana danganta shi da muƙamin da ya bari. A ranar 15 ga Janairu kuma, da ake tunawa da sojojin da suka bauta wa ƙasa, ana kiran su 'yan mazan jiya, sunan girmamawa wanda duk da haka jiya ya ambata. Ƙa'idar aikin gwamnati kuwa ta tsaida barin aiki a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta hidima, duk wadda ta riga zuwa, in ban da wasu kamar malaman makaranta da dokar tarayya ta 2022 ta kai su 65 ko 40, ke nan wanda ya shiga aiki yana ɗan shekara 20 zai fita yana da 55, da idonsa da hankalinsa. A da gona ce amsa, har yanzu ma ita ce ta farko, amma rashin tsaron da ya addabi sassan Danko-Wasagu da Sakaba a 'yan shekarun nan ya sa zuwa gona mai nisa ya zama abin shawara, sana'ar da za a yi a zauren gida ta ƙara daraja. Ita kanta rundunar soja ta daɗe da gane haka, shi ya sa take tura masu shirin barin aiki cibiyarta ta Oshodi a Legas, inda ake koya musu sana'o'in hannu na tsawon watanni, har da aikin katako.

Aikin itace a ƙasar Hausa da maƙwabtanta gida biyu ne. Akwai sassaƙa, sana'ar gado mai sarautarta, inda masassaƙi yake ɗaukar gungume guda ya rage shi da gatari da gizago har turmi ko akushi ko kujerar tsugunno ko ƙotar fartanya ta fito, kuma dukan hikimarsa ta cirewa ce, ba ya haɗa itace da itace. Akwai kuma kafinta, sana'ar da ta bazu ta hanyar ma'aikatar ayyuka ta Turawa da makarantun mishan da na koyon sana'a, wadda take aiki da katakon da aka riga aka tsaga, ta auna, ta yanka, ta haɗa da ƙusa da gam da haɗin tsaga. Da yake kafinta ba ta gado ba ce, ƙofarta a buɗe take ga wanda ya zo da furfura, kuma duk da karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Bahaushen da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce gemu ba ya hana ilimi.

Rauta inji ne na lantarki wanda motarsa take juya wani guntun ƙarfe mai kaifi, da za a iya kira haƙori, da gudun da yake kamawa daga juyi 8,000 zuwa kimanin 24,000 a minti ɗaya, kuma saboda wannan gudu haƙorin yana aske katako ne sannu-sannu har ya bar shi sumul. Siffar haƙorin ita ce siffar aikin: miƙaƙƙe yana fitar da kwarmin da ake zura gilashi ko allon ƙofa a ciki, mai lanƙwasa yana dunƙule kaifin gefen tebur, mai kwana biyu yana fitar da adon da ake gani a goshin gado da kabad. A da kafinta yana bukatar filen na hannu iri-iri, kowane ado da nasa, har aka ƙera rauta mai riƙon hannu a Amurka a farkon ƙarni na 20, sa'an nan kamfanin Elu na Jamus ya fito da mai nitsewa wajen 1949, wato wadda ake danna haƙorinta ya shiga tsakiyar katako daga sama.

Idan ana riƙe rauta a hannu, katako ne ke tsaye, inji ke yawo a kansa. Teburin rauta yana juya wannan tsari: ana kifa injin a ɗaure shi a ƙarƙashin tebur, haƙorinsa ya leƙo ta wata kafa, sai ya zama inji ne ke tsaye, katako ake kawo masa. Amfanin hakan a fili yake ga mai shekaru, domin babbar rauta takan kai kilo 5 ko 6, riƙe ta tsawon yini yana gajiyar da wuyan hannu, sa'an nan siraran katakai irin na firam da taga, waɗanda injin ba ya samun wurin zama a kansu, a kan tebur suna wucewa lafiya, kuma da zarar an daidaita tsayin haƙori sau ɗaya ana iya fitar da sanda 50 iri ɗaya ba tare da sake awo ba. Halin injin nan ya yi kama da na ma'aikacin da aka shekara ana cira shi daga Kaduna zuwa Enugu zuwa Maiduguri bisa umarnin wani hannu, wanda yanzu ya kafu wuri ɗaya, masu bukata ke kawo masa aiki har ƙofa.

Ƙera teburin da kai ya fi sayensa ma'ana, ba don arha kaɗai ba, domin teburin kanti da awon kowa aka yi shi, na gida kuwa da awon mai shi. Tsayin da aka saba yi yana tsakanin santimita 85 da 90, amma ma'auni na gaskiya shi ne inda tafin mai aikin yake sauka ba tare da ya duƙa ba, abin da mai ciwon baya ya fi kowa sanin darajarsa. Saman teburin, wanda faɗin santimita 60 da tsawon 80 ya wadatar da shi, ana yin sa ne da filawud mai kaurin milimita 18, a manne biyu da gam, sa'an nan a lulluɓe shi da fomeka sama da ƙasa. Idan fuska ɗaya kawai aka rufe, laima za ta riƙa shiga ta ɗayar, allon ya lanƙwashe. Ana rage kaurin wurin da gindin injin zai zauna zuwa kimanin milimita 10 don kada haƙori ya gaza leƙowa, a nitsar da kawunan sukurori ƙasa da fuskar tebur don kada su karce katako, a kuma gicciya sanduna biyu masu ƙarfi a ƙasa, tun da nauyin injin da ke rataye dare da rana yana iya lotsa tsakiyar allon a hankali.

Bayan saman tebur, abu na biyu shi ne madogari, wato miƙaƙƙen katakon da yake kwance a kan tebur wanda ake jingina aikin da shi yayin turawa, mai ɗan gurbi a tsakiya inda haƙori yake fakewa. A nan akwai wata hikima da take ba sabon shiga mamaki: da yake haƙorin da'ira yake yi, ba lalle ne madogari ya yi layi ɗaya da gefen tebur ba, nisansa da haƙori kaɗai ke da muhimmanci. Saboda haka ya isa a kafe gefe ɗaya da noti guda, a bar ɗayan yana motsi ana damƙe shi da matsi, kuma idan haƙorin yana tsakiya, matsar da sakakken gefen da milimita 2 yana matsar da yankan da milimita 1 kacal, abin da yake ba da damar gyara mai laushi ba tare da wata na'ura mai tsada ba.

A wannan gaɓa ne kalmomi biyu na bakin masu sana'a suke karo, wato saiti da maneji. Saiti shi ne daidaita abu har ya zauna inda ya kamata ba ragi ba ƙari, kalmar da tsohon soja ya sani tun a filin harbi, kuma ma'anarta ba ta canza ba a gaban tebur: a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan allo a duba ko haske yana ratsawa ta ƙasa, a sa sikwaya a tabbatar madogari ya tsaya cak, a gwada yanka a guntun banza kafin a taɓa katakon mai aiki. Maneji kuwa shi ne lallaɓawa da abin da bai cika ba, kalmar da tsadar rayuwa ta shigar kowane gida har ta zama kamar dabara abin yabo. Akwai inda maneji yake da hurumi, kamar yin ƙafafun tebur da ragowar katakon rufi ko tsohuwar ƙofa, akwai kuma inda ba shi da shi ko kaɗan. Misali, wuyan haƙori yana zuwa da awo biyu, na milimita da na inci, kuma milimita 6 ba ɗaya take da rubu'in inci ba, wanda ya kai 6.35, haka ma 12 ba ta kai rabin inci ba, wanda yake 12.7; a kasuwar da injinan gwanjo na Turai da na Amurka suke cakuɗe, wanda ya cusa siririn haƙori a mariƙin da ya fi shi faɗi ya ce a yi maneji, ya ɗaure ƙarfe mai kaifi da sako-sako a bakin abin da ke juyi dubbai a minti.

Wutar lantarki ma tana da nata sharaɗi. Injin da aka yi don Amurka na wuta 120 ne, na Nijeriya kuwa 230, don haka na farkon sai da taransifoma mai rage ƙarfi, kuma babbar rauta mai cin wat 1,500 zuwa 2,000 tana fizgar fiye da haka a lokacin tashi, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarta, ga kuma tsadar fetur tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023, wadda ta sa tara aiki a yi shi zama ɗaya ya zama dole. Babban haɗari a inda wuta take zuwa tana ɗaukewa shi ne a ɗauke ta injin yana kunne, mai aiki ya manta ya kai hannu yana canza haƙori, sai a kawo ta ba sallama. Maganin haka makunni ne na waje, irin wanda yake kashe kansa idan wuta ta ɗauke, a kafa shi inda hannu zai kai ba tare da duƙawa ba, da kuma dokar zare waya daga soket kafin a taɓa haƙori, kowane lokaci.

Shi kansa turin katako yana da ƙa'ida. Haƙorin da aka kifa yana juyawa ne saɓanin hannun agogo ga mai kallo daga sama, saboda haka daga dama zuwa hagu ake turawa, don katako ya riƙa cin karo da kaifin. Wanda ya tura daga hagu, injin zai fizge katakon ya ja yatsu su bi shi, haka ma wanda ya matse katako tsakanin haƙori da madogari. Ba a cin zurfi gaba ɗaya, ana hawa ne kamar milimita 3 a kowane wucewa, kuma kunne ne alƙali, domin idan an yi gaggawa sautin injin yakan dusashe gefen ya tsattsage, idan an yi nawa kuma katakon ya ƙone ya yi baƙi. Sandar turawa a madadin yatsa, da tabarau, da abin toshe kunne, da ƙyallen rufe hanci saboda ƙura mai laushi da take cutar da huhu, duk wajibi ne, kuma babbar riga da hannun kaftani mai faɗi ba su da wuri a gaban teburin.

Katako kuma ba ya daina motsi don an sare shi. Zuru ta fi arewacin Kebbi ruwan sama da itatuwa, damina tana da tsawo, hunturu kuma yana busar da komai, don haka katakon da aka haɗa a watan Agusta yakan tsuke a Janairu, kuma a faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Wannan ne dalilin ƙofa mai firam da allo, inda ake barin allon ya zauna a cikin kwarmi ba tare da gam ba, ya kumbura ya saɓe yadda ya so, aikin da teburin rauta ya fi gwaninta a kai. Maɗaci da kawo suna karɓar ado da kyau amma suna dakusar da kaifi, malaina tana da sauƙin aiki da araha, kirya kuwa ta fi dacewa da turmin masassaƙi. Madobiya, wadda masu fatauci zuwa Sin suka yi wa sara ba ƙaƙƙautawa har yarjejeniyar duniya ta kare nau'o'in da ke fuskantar ƙarewa ta tsaurara cinikinta daga 2017, ta isa ta tuna wa kafinta cewa dajin yana da iyaka, kuma wanda ya fitar da ƙofar da za ta shekara 30 ya fi tausayin itace a kan wanda ƙofarsa take komawa murhu bayan damina uku.

A Amurka da Ingila irin wannan tebur yawanci abin sha'awa ne, wanda tsofaffi suke ƙerawa a garejin gida don ɗebe kewa, ba don ciniki ba. A Zuru sha'awa ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin kanta, tun da fansho yakan makara, iyali kuma da yawa, saboda haka teburin dole ya ci da kansa: gado da kabad na kayan ɗakin amarya, bencin makaranta da na coci, akwatin littattafai na masallaci, firam ɗin allo, har da amyar zamani ta katako, wadda take da masu bukata a garin da yake da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya tun 2020. Abin da yakan hana wasu shi ne kunya, wato kada a ce tsohon ofisa ya koma shan ƙura. Wannan kunya ba ta da tushe a addinan garin biyu, domin Musulmi sun san hadisi ya tabbatar da cewa Annabi Zakariyya kafinta ne, Annabi Nuhu kuma ya sassaƙa jirgi, Kirista kuwa sun san a gidan Yusufu kafinta aka yi renon Yesu Almasihu.

Alamar cewa mutum ya shiga sana'a ita ce ranar da ya iya ƙera kayan aikinsa, kamar yadda maƙeri yake ƙera awartakinsa, masassaƙi yake yi wa gizagonsa ƙota, kuma alama ta biyu ita ce ranar da wani uba ya kawo masa yaro ya ce a koya masa. Daga ranar sunansa yakan canza a bakin unguwa, a daina cewa gidan tsohon saje, a koma cewa wurin Baba kafinta, kuma horon da ya kwaso daga bariki ko aji, na kiyaye lokaci da tsabtar kayan aiki da cika alkawari, ya sami magada a sana'ar da aka fi kuka da masu ita kan saɓa rana. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da na 'yan fansho a masarautar suna iya haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya da janareto ɗaya a riƙa karɓa-karɓa, tun da teburin kowa na iya yin nasa. Wanda kuwa ya rage masa shekara 5 a aiki, yanzu ne ya kamata ya nemi gwanin da zai riƙa zama a gabansa ranakun Asabar, domin hannu yakan ɗauki shekaru kafin ya faɗa, kuma kuɗin giratuti, komai yawansu, inji kaɗai suke iya saya.